Idan Ka Tsinci Kare ko Kyanwa a Amurka: Yadda Ake Riƙo Kafin Mai Dabba Ya Bayyana

Karen da ka gani yana yawo shi kaɗai a unguwannin Amurka, galibi ba na titi ba ne. Na wani gida ne, kuma gidan ba shi da nisa. A nan Dallas inda nake zaune, an bi diddigin karnukan da hukuma ta kama aka kuma mayar wa masu su, aka wallafa sakamakon a 2021. Kashi 70 cikin ɗari an tsince su ne ƙasa da mil ɗaya daga gidajensu, kashi 42 kuwa ba su wuce ƙafa 400 ba, wato wajen mita 120. Ko iska ce ta buɗe ƙofar shinge, ko yaro ya manta bai sa sakata ba, ko ƙarar wasan wuta na daren 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kan Amurka, ta firgita karen ya haura katanga. To idan ka ɗauke shi ka tuƙa mota rabin awa zuwa gidan ajiyar dabbobi na birni, niyyarka kyakkyawa ce, amma ka nisanta shi da mutumin da ke bayan layinku yana nemansa ruwa a jallo.

Wannan ne ya sa gidajen ajiyar dabbobi da yawa suka ɓullo da tsarin da wanda ya tsinci dabba zai riƙe ta a gidansa, da saninsu, da sunanta a rajistarsu, su kuma su tallafa masa. Kowane gari da sunan da ya raɗa wa tsarin. Wasu na ce masa Finder to Foster. A Los Angeles sunansa Shelter-at-Home. A garin Cabot na jihar Arkansas ana ce masa First 48, domin awa 48 kawai suke roƙon ka riƙe. Abin ya ƙara yaɗuwa a 2020, lokacin kullen korona, da ƙungiyar American Pets Alive! ta birnin Austin ta jagoranci wani shiri na rage tara dabbobi a keji. Dalilin a fili yake: ƙungiyar ASPCA mai yaƙi da zaluntar dabbobi ta ƙiyasta cewa a 2019 karnuka da kyanwoyi kimanin miliyan 6.3 ne suka shiga irin waɗannan gidaje, aka yi wa kimanin 920,000 allurar mutuwa. Duk dabbar da ta zauna a hannun wanda ya tsince ta, keji ɗaya ne ya rage wa wadda ba ta da kowa.

Na daɗe ina irin wannan riƙo, na kuma lura 'yan uwanmu da ke zaune a nan iri biyu ne. Akwai wanda zai kau da kai ya wuce don tsoron shiga rigimar doka, akwai kuma wanda tausayi zai kama shi ya ɗauki mage ya kai gida ya yi shiru, ya ɗauka ta zama tasa. Akwai hanya a tsakani, ita nake so in shimfiɗa.

Awa ta farko

Kada ka bi kare da gudu. Karen da ya ɓata a tsorace yake, kana binsa zai faɗa titi. Ka tsaya nesa kaɗan, ka tsuguna, ka ba shi gefen jikinka, kada ka zuba masa ido, ka yi magana a hankali. In akwai wani abin ci a hannunka ka jefa masa kaɗan-kaɗan yana matsowa. Wanda ya saba da mota, sau da yawa buɗe ƙofar baya kawai za ka yi ya yi tsalle ya shige. Amma in ya yi gurnani, ya yaye leɓe haƙora suka fito, ko gashin bayansa ya miƙe, ko ka ga yana tangaɗi yana dalalar da miyau, to wannan ba naka ba ne. Ka ja da baya ka kira ma'aikatan kula da dabbobi na birni. A manyan birane da yawa lambar 311 ce ke haɗa ka da su. Haka ma dabbar da mota ta buge: ciwo na sa ko mai lafiyar hali ya yi cizo.

Da ya shigo hannu, kafin wanka, kafin komai, ka ɗauki hoto. Ɗaya na fuska, ɗaya na dukan jiki daga gefe, a cikin haske. Ka rubuta sunan titi da mahaɗar da ka same shi da kuma lokaci. Sannan ka duba wuyansa. In akwai ɗan ƙarfe mai lambar waya, magana ta ƙare. In na allurar haukan kare ne kawai, shi ma kada ka raina shi, domin yawanci akwai sunan asibitin da ya yi allurar da wata lamba, su kuma suna da sunan mai karen a littafinsu.

Abu na gaba shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, alhali ya fi kowanne aiki: ka sa masa igiya ka zaga unguwar da ƙafa, ka bar shi ya ja ka. Ka tambayi mai raba wasiƙa, da yaran da ke wasa a waje, da tsohon da ke zaune a baranda kullum. Su suka san karen kowane gida. Akwai wata karya ja mai furfura a baki da na taɓa samu a bakin kantin kusa da mu. Muna kama hanya ta riƙa shinshina gindin kowane akwatin wasiƙa, da muka sha kwana sai ta ɗaga kunnuwa, igiyar ta yi tsam a hannuna, ta ja ni kai tsaye zuwa wani gida mai shuɗiyar ƙofa, ta zauna a kan tabarmar goge ƙafa tana kaɗa jela. Matar da ta buɗe ƙofar ko takalmi babu a ƙafarta, waya na manne a kunnenta, ashe mijinta take kira yana can cikin mota yana zagayen nema.

In zagayen bai yi ba, sai batun cip. Wani ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa da ake cusawa ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗun dabba. Ba ya nuna inda dabba take, lamba kawai yake ɗauke da ita, galibi mai alƙaluma 15. Kusan kowane asibitin dabbobi da gidan ajiya na da na'urar karanta shi, kuma yawanci kyauta suke yi. Ka sa ido lokacin da ake dubawa: ya kamata a bi da na'urar a hankali daga wuya zuwa baya, a gangara kafaɗu biyu har ƙirji, saboda cip yakan zame daga inda aka sa shi. In ta yi ƙara lamba ta fito, za a shigar da ita a shafin bincike na ƙungiyar asibitocin dabbobi ta AAHA, shi kuma ya nuna kamfanin da aka yi rajista da shi. Kamfanin ne zai nemi mai dabbar. Wani bincike na Jami'ar Jihar Ohio a 2009, a kan dabbobi sama da 7,700, ya nuna karnuka masu cip kashi 52 ne suka koma gida, marasa shi kashi 22. A kyanwoyi tazarar ta fi haka: kashi 38 da rabi ga masu cip, ƙasa da kashi 2 ga marasa shi. In aka ce lambar wayar da ke rajista ta mutu, kada ka sare. Ka roƙi a tambayi kamfanin wane asibiti ko gidan ajiya aka sayar wa wannan cip, daga nan a bi sawu.

Ka sa abin a rubuce

A dokar Amurka, kare da kyanwa dukiya ce ta mai su. Riƙe ta ba tare da sanarwa ba na iya jawo maka zargin sata, ko da zuciyarka fara ce tas. Mu kuma tun daga gida mun san hukuncin tsintuwa: amana ce, ana cigiya, ba a mallakewa a ɓoye. Don haka ranar da ka tsinta, ranar za ka sanar da gidan ajiyar dabbobi na garin da ka tsince ta. Na garin da ka tsince ta na ce, domin can mai ita zai fara dubawa, ko da kai a wani gari kake kwana. Wasu wuraren ba sa wasa da lokaci. A Los Angeles cikin awa 4 ake so ka sanar, ka aika hotuna, sannan ka riƙe har kwana 30 kafin a yi maganar ta zama taka.

Ka ce musu ka tsinci dabba, kana so ka riƙe ta a gida, kana so a buɗe mata fayil. Za su ba ta lamba su sa hotonta a shafinsu tare da waɗanda ke cikin keji. Wasu za su ce ka kawo ta na ɗan lokaci a duba ta, a yi mata allurar rigakafi, a ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma, su ara maka keji, su haɗa ka da buhun abinci. Wasu kuwa fom kawai za ka cike a intanet, sauran hidima a aljihunka. Tun da tsarin ya bambanta, kada ka ajiye waya sai ka ji amsar waɗannan: kwana nawa doka ta ce a jira mai ita? A yawancin wurare kwana 3 zuwa 7 ne ga dabbar da ke hannun hukuma, amma ga wadda ke hannun mai tsintuwa lissafin yakan fi tsawo, kuma a wasu garuruwa ba ya ma farawa sai an shigar da ita rajista. In ta kamu da ciwo da tsakar dare, wa zan kira, wa zai biya? In na kasa ci gaba da riƙo, yaushe za ku karɓa? Ka rubuta sunan wanda ya amsa maka da ranar. Takardar nan ita ce garkuwarka in wata magana ta taso.

Ga 'yan uwa da ke Birtaniya, doka ta fi tsauri a kan kare: dole ka mayar wa mai shi ko ka sanar da ƙaramar hukuma. Su suna jiran kwana 7, in kuma ka zaɓi riƙewa da izininsu, sai ka riƙe aƙalla wata guda.

Ina zai kwana?

Ka fara da takardar hayar gidanka. Gidajen haya da yawa sun hana dabba, ko suna cajin kuɗi a kanta, ko sun hana wasu jinsunan karnuka. Ka nemi izini a rubuce, ka ce na ɗan lokaci ne. In aka hana, ka haƙura ka nemi maƙwabcin da zai riƙe, kai ka ɗauki nauyin cigiya. Wannan ma babban aiki ne.

Sai kuma tambayar da na san tana ran Musulmi da yawa a cikinmu. A kan kyanwa babu wata damuwa, hadisi ya zo cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu. Kare ne abin tsayawa. Maigidana ya taɓa kai maganar gaban wani dattijon malami ɗan ƙasarmu bayan sallar Juma'a, ya ce, "Allah gafarta Malam, karen da ya ɓata muka samu, ya halatta mu ajiye shi kafin mai shi ya zo?" Malam ya tuna masa hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Ya ƙara da cewa a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma ajiye shi a gida don sha'awa kawai an hana. Ya ce ceto daban, kiwon ado daban, a ware masa wuri da kwanonsa. A kan haka muke tafiya. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi, amma kada ƙyama ta sa a bar rai a tsakiyar titi.

A gidanmu ɗakin wanki ne masaukin baƙo, saboda daɓensa tayil ne, yana wankuwa, yana da ƙofa. Banɗaki ma ya isa ga kyanwa ko ƙaramin kare. Gareji yana yi a lokacin da gari ya yi daidai, amma a zafin Texas yakan zama tanda, dabba na iya mutuwa a ciki cikin 'yan awoyi. Ɗaure kare da sarƙa a tsakar gida kamar yadda aka saba gani a wajenmu kuwa, a Texas laifi ne tun daga Janairun 2022. In za a bar shi a waje, dole a ba shi mafaka da inuwa da ruwan sha. Kuma ka sani karen da ya gudo sau ɗaya zai iya sake gudu, don haka ko a cikin shinge ka fita da shi da igiya.

Ka raba shi da dabbobin gidanka kwana 10 zuwa 14. Ba ka san abin da ya ɗauko ba. Cutar parvo, mai sa kwiyakwiyi amai da zawon jini, tana ɓoye kwanaki kafin ta bayyana, ƙwayarta kuma tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Makero yana tsallakawa daga kyanwa zuwa yara. Ka duba kunne da tsakanin yatsu saboda kaska. Wanke hannu bayan kowace taɓawa. Mace mai ciki ta bar wa wani kwashe yashin bayan gidan kyanwa. Yara kuma kada a bar su su kaɗai da baƙon kare ko da minti ɗaya, musamman lokacin da yake cin abinci.

Kwanakin farko zai iya ƙin ci, ya laɓe a lungu, ya yi ta barci. Ka ƙyale shi. Kada a tara masa 'yan kallo. Masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona sun auna sinadarin damuwa a fitsarin karnukan gidajen ajiya, suka ga yana sauka idan kare ya kwana ɗaya ko biyu a gidan mutane, hutunsa ma yana ƙara tsawo. Shirun ɗakin nan kansa magani ne.

Batun abinci, a nan ne hannunmu na kyauta ke iya yin ɓarna. Kada ka zuba masa sauran miya ko dafa-duka. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare da na kyanwa, kuma da wuya ka sami tukunyarmu babu su. Goro ma haɗari ne, irin sinadaran da ke cikin cakulan da kofi ne a cikinsa, don haka Alhaji ya ɗauke nasa daga kan tebur. Inabi da zabibi suna kashe ƙodar kare. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya huda hanji. Ka sayi abincinsu na kanti, ka ba shi kaɗan-kaɗan, musamman in a rame yake, domin cika wa mai tsananin yunwa ciki lokaci guda yana iya kwantar da shi. In dare ya yi babu kanti, farar shinkafa da tsokar kaza da aka dafa ba gishiri ba magi sun isa kare ya kwana. Magungunanmu kuwa a nisanta su gaba ɗaya: ƙwayar farasitamol ɗaya tana iya kashe kyanwa, haka nan maganin ƙuma na kare mai sinadarin famatirin guba ne gare ta.

In tsautsayi ya sa aka ciji wani ko aka yakushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti, a sanar da hukuma. Za a sa ido a kan dabbar kwana 10. Amurka ta kawar da nau'in haukan kare da ke yaɗuwa tsakanin karnuka tun 2007, amma cutar na nan a jikin jemagu da wasu namun daji. Ga mai karanta wannan daga Kano ko Maraɗi, hankalinka ya fi nawa tashi a nan: cutar na kashe mutum kusan 59,000 a duniya duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Da alamu sun bayyana babu magani. Don haka baƙon kare a can kada a kama shi da hannu, a nemi ma'aikatan dabbobi, a yi cigiya wajen mai unguwa.

Cigiya

Riƙo ba tare da cigiya ba ɓoyo ne. Ka sa hoton a shafin intanet na Petco Love Lost, kyauta ne, yana kwatanta fuskar dabba da hotunan waɗanda aka ba da rahoton ɓatansu. Ka sa a shafukan Nextdoor da PawBoost da zaurukan Facebook na unguwarku. Amma kada ka dogara da waya kaɗai. Tsofaffi da yawa ba sa shiga waɗannan wurare, kuma su ne suka fi shaƙuwa da dabbobinsu. Ka sami babban kwali mai launi mai ɗaukar ido, ka rubuta da manyan baƙaƙe cewa an tsinci kare, da launinsa, da lambar waya, ka kafa a mahaɗar da ka same shi da ƙofar gidanka. Rubutun ya zama wanda direba zai karanta yana wucewa. A unguwa irin tamu da Ingilishi da Sifaniyanci nake rubutawa.

Ka ɓoye alama ɗaya, kada ka sa ta a sanarwa: farin tabo a ciki, ko yankakken farce, ko launin abin wuya. Duk wanda ya kira ya ce tasa ce, ka tambaye shi ita, ka nemi tsofaffin hotuna ko takardar asibiti. Akwai masu karɓar karen da ba nasu ba su sayar. Akwai kuma 'yan damfara da za su ce sun turo maka wasu lambobi ta waya ka karanto musu don su tabbatar da kai. Kada ka karanta, ka kashe wayar. Wajen miƙawa, ku haɗu da rana a harabar asibitin dabbobi ko ta gidan ajiya. Ka lura da dabbar kanta lokacin da ta hango mutumin, jikinta zai gaya maka gaskiya.

Wani abu da nake roƙon mutane: kada ka yanke wa mai dabba hukunci daga ganin jikinta. Kwana kaɗan a waje sun isa su sa kare ya yi duƙun-duƙun, ya rame, gashinsa ya cukurkuɗe. Tsoho kuma dama a rame yake. In ka ga alamar zalunci ƙarara, ka gaya wa hukuma su bincika. Ƙin mayarwa ba hurumin mai tsintuwa ba ne. Haka nan kada ka kai a yi masa fiɗiya ko a canza masa kama da aski kafin wa'adi ya cika. Tukuici kuma ba a nemansa.

Kyanwa daban take

Babbar kyanwa mai ƙiba, mai sheƙin gashi, da ka gani tana zagaya waje, mafi alheri ka bar ta inda take. Wataƙila ta maƙwabci ce tana shan iska. Wani binciken ASPCA na 2012 ya nuna fiye da rabin kyanwoyin da suka ɓata aka same su, da ƙafarsu suka koma gida, waɗanda aka samo a gidan ajiya kuwa kashi 2 ne kacal. In kana shakka, ka yanko siririyar takarda ka rubuta lambarka da tambayar ko tana da mai ita, ka liƙa mata a wuya sako-sako yadda za ta yage in ta maƙale. In kuma ka ga an yanke ɗan tsinin kunnenta, galibi na hagu, alama ce an riga an kama ta, an yi mata aikin hana haihuwa da allura, an mayar da ita wurin zamanta. Wadda za ka ɗauka ita ce ramammiya, ko mai rauni, ko mai bin mutane tana kuka tana neman shiga kowace ƙofa.

'Ya'yan kyanwa su ne suka fi jawo kira. Bazara na kamawa wayata ba ta hutawa. Wata ɗaliba 'yar garinmu ta kira ni a rikice: "Anti, ga jariran mage huɗu a bayan injin sanyaya gidanmu, uwarsu ta gudu ta bar su, in kwaso su?" Na ce, "Ƙanwata, kar ki taɓa su tukuna. Cikinsu a cike yake? Jikinsu tsaf? Suna barci a dunƙule?" Ta ce eh. Na ce to uwarsu na kusa, ta tafi neman abinci ne, ko kuma tana laɓe tana jiran ki tafi. Na sa ta barbaɗa garin fulawa ta zagaye wurin, ta koma ciki. Da ta leƙo bayan la'asar, ga sawun ƙafa a kan garin. Babu mai renon da ya kai uwa, kuma jariran da ba su fara ci da kansu ba suna cikin waɗanda suka fi mutuwa a gidajen ajiya, domin ba ko'ina ke da ma'aikatan shayarwa na dare ba.

In awoyi sun shuɗe ba ta dawo ba, ko jikinsu ya yi sanyi, ko sun jiƙe suna ta tsala kuka, sai a ɗauka. Ɗumi ne farko, abinci na biyu. Jaririn da jikinsa ya yi sanyi ba a ba shi komai, cikinsa ba zai narkar ba. Ka cika safa da ɗanyar shinkafa, ka ɗumama ta, ka naɗe da tawul, ka sa a gefe ɗaya na kwali yadda za su iya matsawa in zafi ya yi yawa. Har su kai wajen mako 4 ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu. Madarar shanu, ta gari ko ta gwangwani, zawo take sa su, zawo kuma yana kashe su da wuri. Akwai madararsu ta musamman, irin su KMR, a kantin dabbobi, tare da 'yar kwalba mai kan roba. Ka kwantar da shi a kan cikinsa, kansa a ɗan ɗage, kada ka rungume shi a rigingine, madarar za ta shiga huhu. Kada ka matse kwalbar. In ya kama daidai za ka ga kunnuwansa suna rawa, 'yan kumfa suna tashi a cikin kwalba. Wanda bai kai mako 2 ba duk awa 2 zuwa 3 yake sha, dare da rana. Bayan kowace shayarwa ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka shafa masa ƙarƙashin jela har ya yi fitsari, domin ba ya iya yi da kansa, uwa ce ke lasarsa. Ka auna shi kullum a ma'aunin kicin. Ana haifarsa da nauyin giram 100 ko kusa da haka, ya kamata ya riƙa ƙara aƙalla giram 10 a rana. Ranar da nauyi ya tsaya ko ya ragu, ranar za ka kira likita. A mako 4 zuwa 5 suke fara lasar abinci mai laushi, a mako 8 kuma, in sun kai giram 900, gidajen ajiya ke yi musu aikin hana haihuwa su nema musu gida. Aiki ne mai hana barci. In kana aikin dare ko kana da jariri a hannu, ka faɗa wa gidan ajiyar gaskiya tun farko, suna da jerin masu renon kwalba.

In wa'adi ya cika ba wanda ya zo

Ka koma wa gidan ajiyar da lambar fayil ɗin. Za ka iya karɓar dabbar ta zama taka a hukumance, a yi mata aiki da allurai, a sa mata cip da sunanka. Za ka iya ci gaba da riƙo su kuma su tallata ta har a sami mai so, kai ne za ka rubuta bayanin halinta, kuma abin da ka gani da idonka, ko tana son yara, ko tana tsoron maza, ko ta iya neman fita in fitsari ya kama ta, shi ke sa a dace da gidan da za ta daɗe. Ko kuma ka nemi rana ka mayar musu. Babu abin kunya a ciki, ta riga ta sami kwanakin da da ba ta samu ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sa ta a intanet a ce kyauta ga duk mai so, ko a mayar da ita inda aka tsince ta a sake ta. Na biyun laifi ne a doka.

Ko ta koma gida ko ta sami sabon wuri, ka sanar a rufe fayil, ka cire kwalayen da ka kafa, ka gyara sanarwar da ka sa a intanet don kada wani mai nema ya yi ta kira a banza. In mai ita ya zo kuma babu cip, ka nuna masa inda ake sawa da araha. In akwai amma lambar waya ta tsufa, ku gyara a tsaye kafin ya tafi, minti biyar ne a waya. Sannan ka wanke ɗakin da sabulu, ka bi da bilic, awo 1 cikin awo 32 na ruwa, ka bar shi minti 10 kafin ka ɗauraye. Tawul da shimfiɗa a wanke da ruwan zafi, kwalin da aka yi amfani da shi a zubar, kejin da aka ara kuma a mayar da shi a wanke, akwai wanda ke jiransa.